Baje Kolin Ƙasa da Fuskar da Al'umma Ke Zaɓa ta Nuna: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda zai je ɗaukar hoto yakan tsaya gaban madubi tukuna. Ya gyara zaman hula, ya zaɓi rigar da ta fi karɓarsa, ya juyo gefen fuskar da babu tabo. Hoton da zai fito nasa ne, ba na wani ba, amma ba haka yake tashi daga barci ba. Ƙasashe ma suna zuwa ɗaukar hoto, kuma baje kolin ƙasa shi ne wurin da suke tsayawa a ɗauke su. Ga tambayoyin da mutum kan yi idan ya fara lura da wannan al'amari.

Mene ne baje kolin ƙasa, kuma me ya raba shi da kasuwar baje koli?

Kasuwar baje koli ciniki ne ke tara ta. Kamfani ya kawo injinsa, manomi ya kawo irinsa, a taya a sallama. Baje kolin ƙasa kuwa, ko an yi ciniki a cikinsa, ba don cinikin aka kafa shi ba. Hukuma ce ko wani babban kwamiti ke ware fili, a gina rumfuna, a tara kayan tarihi da sana'o'in hannu da injuna da tufafi da taswirori da alƙaluma, a buɗe ƙofa na wasu watanni, don a ce wa 'yan ƙasa da baƙi: ga mu nan, mu ke nan. Hajar da aka kasa ita ce ƙasar da kanta.

Yana zuwa ta fuska uku. Akwai na cikin gida, wanda al'umma ke shirya wa kanta, kamar yadda Suwizalan ta yi sau shida: 1883, 1896, 1914, 1939, 1964 da 2002. Akwai rumfar da ƙasa ke ginawa a baje kolin duniya, inda take tsayawa kafaɗa da kafaɗa da sauran ƙasashe. Sai kuma na dindindin, wanda ake shimfiɗawa a babban gidan tarihi na ƙasa, ya shekara ashirin ko talatin ba a taɓa shi ba.

Yaushe aka fara irin wannan taro?

Faransa ce ta share fage. A 1798, 'yan shekaru bayan juyin juya hali, gwamnati ta tara masu sana'a 110 a filin Champ de Mars da ke Paris, su nuna abin da hannunsu ke iya ƙerawa. Lokacin ana gaba da Ingila, masana'antun Ingila kuma sun yi wa kowa fintinkau. Ke nan tun daga tushe taron martani ne ga abokin hamayya.

Wanda ya zama abin koyi ga duniya shi ne na Landan a 1851. Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, shi da Henry Cole suka tsaya a kansa. Joseph Paxton ya tsara wani makeken gini na ƙarfe da gilashi a Hyde Park, wanda aka sani da Crystal Palace, aka ƙirga shiga kusan miliyan 6 daga Mayu zuwa Oktoba. An gayyaci duniya duka, amma dubi yadda aka raba fili: rabin ginin na Birtaniya ne da ƙasashen da take mulka, sauran duniya suka raba ɗaya rabin. Ba sai an rubuta a bango waye babba ba, ƙafar mai yawo ta gaya masa. Cikin kayan da aka nuna har da lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda ya faɗa hannun Ingila bayan ta ci Punjab a 1849. Mai kallo yana zaton dutse mai daraja yake kallo, alhali abin da ake nuna masa shi ne ƙarfin hannun da ya iya ɗauko dutsen daga wata uwa duniya.

Abin da ake nunawa gaskiya ne, ko kwalliya ce kawai?

Da wuya ka kama baje kolin ƙasa da ƙarya ƙiri-ƙiri. Injin da aka ajiye da gaske an ƙera shi, rigar da aka rataye da gaske wani ya saƙa ta, yaƙin da aka zana da gaske an gwabza shi. Aikin yana wurin zaɓe. Ƙasa tana da labarai dubu, rumfa kuwa ba ta ɗaukar fiye da ashirin, to wane ashirin ɗin? Wanne za a sa a bakin ƙofa, wanne a lungu kusa da hanyar fita? Wanne za a haska da fitila, wanne za a bari a duhu? Daga wace shekara za a fara ƙirga tarihin ƙasa? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi yadda ake zato nauyi, domin duk wanda ya riga shekarar farawa zama a ƙasar, an mayar da shi share fage, ba mai gida ba.

Don haka ni ba na kiran baje koli madubi. Madubi ba ya zaɓe. Abin da ya fi kama da shi shi ne shirin tarbar baƙo: a share tsakar gida, a fito da shimfiɗa mai kyau, a rufe ɗakin da ya tsage. Babu laifi mutum ya share gidansa. Abin da ya dame ni shi ne idan a cikin ɗakin da aka rufe akwai ɗan gida, kuma ba a tambaye shi ba kafin a ja ƙofar.

Amma kwalliyar ma shaida ce, kada a raina ta. Abin da al'umma ta zaɓa ta yi ado da shi yana nuna abin da take buri, abin da ta ɓoye kuma yana nuna inda ke yi mata ciwo. Masu nazarin tarihi suna karanta tsofaffin baje koli ne ta waɗannan fuskoki biyu.

Wa ke yin wannan zaɓe?

A takarda, kwamitin masana ne: masu tsara gine-gine, malaman tarihi, masu zane, ma'aikatan gidan tarihi. A aikace, mai biyan kuɗi yana da baki, ko gwamnati ce ko manyan kamfanoni.

Abin da ya faru a Lausanne a 1964 ya nuna hakan sarai. Masu shirya baje kolin Suwizalan na shekarar sun kafa wani ƙaton mutum-mutumi mai suna Gulliver, wanda ke yi wa masu ziyara tambayoyi game da rayuwarsu da ra'ayinsu, har da irin tambayar nan ta ko mutum zai iya zama ɗan ƙasa na gari alhali sai ƙarfe 9 yake tashi daga barci. Niyyar ita ce na'ura ta tattara amsoshin, jama'a su ga kansu da kansu. Gwamnatin tarayya ta sa baki, aka cire wasu tambayoyi masu zafi, aka kuma hana bayyana cikakken sakamakon. Ka ga ƙasa ta gayyaci 'ya'yanta su faɗi ko su waye, da suka buɗe baki sai ta ji tsoron amsar. Ka kuma tuna cewa a shekarar nan matan ƙasar ba su da ƙuri'a a zaɓen tarayya, sai a 1971 suka samu.

Me ya sa ƙasa mai masana'antu take nuna kanta da ƙauye da makiyaya?

Saboda abin da mutum ya ji yana sulluɓe masa shi yake riƙewa da ƙarfi. A Geneva ta Suwizalan a 1896, garin da ya yi suna da ƙera agogo, a taron da aka yi ta tinƙaho da wutar lantarki, wurin da ya fi jan jama'a shi ne wani ƙauye na kwaikwayo. An gina masa dutse na ƙarya da ruwa mai gangarowa, aka kawo shanu, aka zuba mutane cikin tufafin gargajiya. Gidajen an kwaikwayo su ne daga yankuna daban-daban aka jera a layi ɗaya, wato ƙauye ne da babu irinsa ko'ina a ƙasar. Amma ma'aikacin masana'anta da ya baro gonar ubansa ya shiga ciki ya ji kamar ya koma gida.

Shekaru biyar kafin nan, a 1891, Artur Hazelius ya buɗe Skansen a Stockholm, inda ya riƙa kwance tsofaffin gidajen karkara daga sassan Suwidin yana sake ɗaura su wuri guda, don yana ganin rayuwar da suka ƙunsa tana gushewa. Indunusiya ma ta buɗe Taman Mini a Jakarta a 1975, kowane lardi da rumfarsa mai siffar gidan gargajiyar yankin. Ƙasa mai harsuna sama da 700 sai ga ta a jere tsaf, lardi ɗaya, gida ɗaya, tufafi ɗaya.

Nan ne matsalar take. Irin wannan tsari yana adana abin da da ya ɓace, wannan alheri ne babba. Amma yana kuma daskarar da mutane. Ƙabila ta zama riga da rawa da siffar rufin ɗaki, a manta cewa tana da likitoci da direbobi da 'yan siyasa masu gardama a tsakaninsu. Ƙananan al'ummomin da ke cikin lardi kuwa sai su ɓace a inuwar babbar da aka zaɓa ta wakilce su.

Akwai lokacin da ƙasashe suka fi son shirya shi?

Bikin cika shekaru shi ne uzurin da aka fi kawowa. Paris ta 1889, wadda ta haifi hasumiyar Eiffel mai tsawon mita 300, ta zo ne a cikar juyin juya halin Faransa shekara 100. Montreal ta 1967 ta dace da cikar tarayyar Kanada shekara 100. Amma idan ka tona, sau da yawa za ka tarar da tsoro ko rauni a ƙarƙashin bikin.

Baje kolin da Suwizalan ta yi a Zurich a 1939 an buɗe shi a watan Mayu, Jamus ta Hitila tana maƙwabtaka, yaƙin duniya na biyu kuma ya ɓarke kafin a rufe shi a Oktoba. Mafi yawan 'yan Suwizalan Jamusanci suke yi, don haka tambayar da ke zukata ita ce: me ya sa mu ba Jamusawa ba ne? Amsar da aka gina ita ce wata doguwar hanya da aka rataye tutocin ƙananan hukumomin ƙasar kusan 3,000 a samanta, kowa ya bi ta ƙarƙashi yana neman ta garinsu. Ba tuta ɗaya ba, ba shugaba ɗaya ba, tsintsiya ce mai maɗauri ɗaya. An ƙirga shiga sama da miliyan 10 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 4 da 'yan kai ba a lokacin.

Birtaniya ta yi nata a 1951, shekara 100 bayan Crystal Palace, amma cikin wani hali dabam. Yaƙi ya ragargaza Landan, ana rabon abinci da kati, Indiya ta samu 'yanci tun 1947. Sai bikin ya kau da kai daga daular da aka yi ta alfahari da ita a da, ya koma kan ƙasa da mutanenta da kimiyya da sabon salon gini. Japan kuma ta karɓi duniya a Osaka a 1970, shekara 25 bayan Hiroshima, aka ƙirga shiga miliyan 64. Saƙon a fili yake: mun tashi.

Da gaske ne an taɓa nuna mutane kamar kayan kallo?

Da gaske ne, kuma ba sau ɗaya ba. A Paris a 1889 an kafa ƙauyuka aka zuba mutane ɗaruruwa daga ƙasashen da Faransa ke mulka. A Geneva a 1896, kusa da ƙauyen makiyayan nan, akwai wani ƙauyen da aka ajiye mutane kimanin 200 daga Afirka ta Yamma ana biyan kuɗi a kalle su. A 1897 Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya sa aka kawo mutum 267 daga Kwango zuwa Tervuren, wani gari kusa da Brussels, aka ajiye su a bukkoki a bayan shinge. Bakwai daga cikinsu suka mutu a can, kaburburansu suna nan a gefen cocin garin. Faransa ta sake yin gagarumin baje kolin mulkin mallaka a Vincennes da ke gefen Paris a 1931. Har a 1958, shekara biyu kacal kafin Kwango ta samu 'yanci, an kafa ƙauyen Kwango a baje kolin Brussels, inda wasu 'yan kallo suka riƙa jefa wa masu sana'ar da ke ciki ayaba da kuɗi, har suka tattara suka bar wurin kafin a rufe taron.

Wani zai ce wannan ai labarin yadda aka nuna wasu ne, ba yadda ƙasa ta nuna kanta ba. A'a, abu ɗaya ne. An kafa bukkar ce don a auna tsayin hasumiya da ita. Mai kallo ya fito daga zauren injuna, ya leƙa ta shinge, ya koma gida yana jin ya san matsayinsa a duniya. Mutanen da ke bayan shingen suna da sunaye da iyaye da garuruwa da ilimi, amma duk an tuɓe musu wannan, domin aikin da aka kawo su yi shi ne su zama ma'aunin girman wani. Duk lokacin da na karanta labarin mutum bakwai ɗin nan na Tervuren, abin da ke tsaya mini a rai shi ne an ci gaba da sayar da tikiti.

Waɗanda aka ware ko aka ƙasƙanta, shiru suka yi?

Ko kusa. Kuma a ganina wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi cancanta a koyar.

A Chicago a 1893, Amurka ta yi bikin cika shekara 400 da zuwan Columbus, ta kuma hana baƙaƙen fatar ƙasar wani gurbi na a zo a gani a shirin. Ida B. Wells da Frederick Douglass, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, da wasu abokan gwagwarmayarsu suka wallafa ɗan littafi mai bayyana dalilin rashinsu a wurin, suka riƙa raba shi daga rumfar Haiti, wadda Douglass ke wakilta. Wato ɗan ƙasa sai da ya ari rumfar baƙo kafin ya yi magana a gidansu.

Shekara bakwai bayan haka, a Paris a 1900, W. E. B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan Amurka, da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta suka kai hotuna ɗaruruwa da jadawalai kusan 60 da aka zana da hannu. Suna nuna yawan masu karatu da rubutu, filayen da baƙaƙe suka mallaka, da sana'o'in da suke yi, shekara 35 kacal bayan soke bauta. Ba su roƙi tausayi ba, alƙaluma suka kasa. Du Bois ya dawo da lambar zinariya.

Matan Suwizalan sun shirya nasu baje kolin a Bern a 1928 don nuna aikin mata, suka kuma ja wani ƙaton dodon koɗi a jerin gwano, alamar saurin da batun ƙuri'arsu ke yi. A Montreal a 1967 kuma, 'yan asalin Kanada suka samu rumfarsu, gwamnati ce ta biya, amma su suka tsara abin da za a faɗa. Maimakon gashin tsuntsu da rawa kaɗai, sai mai ziyara ya ci karo da maganar alkawuran da aka karya, da filayen da aka ƙwace, da makarantun da aka raba yara da harshensu. A tsakiyar bikin murnar ƙasa aka yi wannan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da waƙar ta kuka ce.

Ginin kansa yana da abin faɗa?

Sau da yawa ya fi abin da ke cikinsa magana. A Paris a 1937 an sa rumfar Jamus da ta Tarayyar Sobiyet suna fuskantar juna. A kan ta Sobiyet akwai mutum-mutumin da Vera Mukhina ta ƙera, ma'aikaci da manomiya sun ɗaga guduma da lauje kamar za su tsallako. Albert Speer, wanda ya tsara ta Jamus, ya amsa da doguwar hasumiya mai gaggafa a ƙololuwa tana kallon ƙasa. Wanda ya tsaya tsakaninsu ya ga yaƙin da ke tafe tun kafin a harba harsashi. Can gefe, a wata rumfa mara girman kai ta Jamhuriyar Sifaniya, aka rataye zanen Picasso na garin Guernica da jirage suka yi wa ruwan bama-bamai a watan Afrilun shekarar. Ƙasashe biyu suka nuna ƙwanji, ta uku ta nuna rauninta, kuma nata ne duniya ta fi tunawa.

Ba dole sai hasumiya ba. A baje kolin Amurka da aka yi a Masko a 1959, a ɗakin girki na wani gidan kwaikwayo Nixon, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, da Khrushchev, shugaban Sobiyet, suka tsaya suna musu kan wane tsari ya fi, jari-hujja ko gurguzu. Amurka ta zaɓi ta gabatar da kanta da firji da injin wanki.

To ashe duk farfaganda ce?

Wasu kam ita ce tsagwaronta. Mussolini ya buɗe baje koli a Roma a 1932 don bikin shekara 10 da hawansa mulki. Gwamnatin Salazar ta yi nata a Lisbon a 1940, tana ɗaukaka daular Fotugal yayin da Turai ke ci da wuta. A irin waɗannan, ƙofa ɗaya ce, hanya ɗaya, kuma an riga an rubuta abin da za ka ji kafin ka fita.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: shin akwai wurin da mai kallo zai iya cewa ban yarda ba? Shin an bar murya fiye da ɗaya? Shin jarida za ta iya sukar taron washegari ba tare da an rufe ta ba? Son ƙasa ba farfaganda ba ne. Mutum yana da haƙƙin ya shiga zaure ya ga aikin kakanninsa ya ji ƙirjinsa ya cika.

Ƙasa za ta iya nuna abin kunyarta a irin wannan wuri?

Za ta iya, amma ba a yin sa cikin ruwan sanyi. Gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washington ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya jefa bam a Hiroshima, a 1995, cikar abin shekara 50. Shirin farko ya haɗa da hotunan waɗanda bam ɗin ya ƙona da muhawarar masana kan ko jefa shi ya zama dole. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca, aka soke shirin a watan Janairu, shugaban gidan, Martin Harwit, ya ajiye aiki. Daga baya aka nuna gangar jikin jirgin da taƙaitaccen bayani. Ina fahimtar tsohon sojan da ke ganin bam ɗin ne ya cece shi daga mutuwa a gaɓar Japan. Amma ajiye jirgin ba tare da waɗanda ke ƙasa ba, shi ma matsayi ne aka ɗauka, ba tsaka-tsaki ba.

Gidan tarihin Tervuren, wanda ya tsiro daga baje kolin Leopold, an rufe shi shekara biyar ana gyara, aka sake buɗewa a Disamban 2018 da bayanin zaluncin mulkin mallaka da ayyukan masu zane 'yan Afirka na yau. Har yanzu ana gardama ko gyaran ya isa. A baje kolin duniya na Seville ta Sifaniya kuma a 1992, rumfar Suwizalan ta ɗaga wani allo na mai zane Ben Vautier da ke cewa babu wata aba wai ita Suwizalan. Nufinsa ƙasa ce mai harsuna huɗu da al'adu da yawa, ba a iya dunƙule ta a siffa ɗaya. A gida aka yi ta tayar da jijiyar wuya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba kowa ke yarda ranar ta zo ba.

Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Wani lokaci. Na 1851 ya bar ribar fam 186,000, da ita aka sayi filin South Kensington inda manyan gidajen tarihin Landan suke a yau. Hasumiyar Eiffel da Atomium na Brussels, ginin baje kolin 1958 mai siffar ƙwayoyin zarra, duk na ɗan lokaci aka gina su, ga su sun zama tambarin garuruwansu. Wasu kuma asara ce: Hannover ta Jamus ta sa ran mutum miliyan 40 a 2000, ta samu miliyan 18. Kubbar da Birtaniya ta gina a Greenwich don shiga sabon ƙarni ta yi hasashen miliyan 12, ta samu kusan rabi. Mutane da yawa sun fito daga cikinta ba su gane me ake son faɗa musu ba, kuma kuɗi ba ya maganin wannan.

Siyasa ma tana cin nata rabon. Da Churchill ya dawo mulki a ƙarshen 1951, aka rushe kusan duk gine-ginen bikin da gwamnatin Leba ta yi a bakin kogin Thames, sai babban zauren kiɗa kaɗai aka bari.

Idan na shiga irin wannan wuri, me zan duba?

Fara da abin da ya tare ka a bakin ƙofa, domin shi ne abin da aka fi so ka tafi da shi. Karanta ƙananan allunan bayani ka lura da kalmar "mu" da kalmar "su": wa ke cikin wacce? Duba wa aka ambata da sunansa, wa aka kira da sunan ƙabilarsa kawai. Sau da yawa za ka ga zanen mutumin birni ɗauke da sunan mai shi da shekarar haihuwarsa, tabarmar da wata gwana ta saƙa kuwa an rubuta sunan yanki kurum, kamar ƙasa ce ta tsiro da ita. Duba harsunan da aka yi rubutun da su. Nemi mata, nemi talakawa, nemi waɗanda suka zo daga baya suka zauna. Idan da hali ka je da dattijo ko da yaro, ka saurari inda suka tsaya da inda suka wuce ba su waiwaya ba.

Yaya ƙasa za ta nuna kanta idan kayan tarihinta suna hannun wasu?

Wannan ciwo ne da ƙasashe da yawa da aka yi wa mulkin mallaka suka sani. Lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, tambarin da aka zaɓa shi ne fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa, wadda sojojin Birtaniya suka kwashe tare da dubban kayayyaki daga fadar Benin da ke Najeriya ta yau a 1897. Aka nemi aronta daga gidan tarihin Birtaniya, ba a bayar ba. Sai da aka sa masassaƙa suka yi wata a madadinta. Baƙi daga ƙasashe fiye da 50 suka taru a ƙarƙashin hoton abin da masu shi ba su da ikon taɓawa.

Jamhuriyar Benin ta ga ɗaya gefen labarin. A Nuwamban 2021 Faransa ta mayar mata da kayayyaki 26 da sojojinta suka ɗebe daga fadar Abomey, cibiyar tsohuwar masarautar Dahomey, a 1892, har da karagun mulki da ƙofofin fada da mutum-mutumin sarakunan Dahomey. A Fabrairun 2022 aka baje su a fadar shugaban ƙasa da ke Kwatano, shiga kyauta. Masu shirin ba su ajiye su su kaɗai ba. Sun haɗa su da ayyukan masu zane da sassaƙa 'yan ƙasar na wannan zamani fiye da 30, ta yadda mai ziyara zai fito daga gaban karagar Sarki Ghezo ya shiga zauren da jikokin zamanin suke faɗin nasu. Jama'a suka yi ta dogon layi, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da zuriyar gidan sarauta. Wasu da suka iso gaban karagun ba su tsaya karanta allon bayani ba, durƙusawa suka yi suka kwashi gaisuwa.